Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bidiyo Yake Cijewa a Kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo, mai furosesa Core i5 zubi na huɗu da RAM gigabait 8. Tsofaffin bidiyoyina suna tafiya lafiya lau, amma bidiyon bikin ƙanwata da aka ɗauka da iPhone, da na kunna shi sai hoton ya riƙa cijewa, murya ta wuce ta bar shi a baya, fanka kuma ta kama ruri. Mai gyara ya ce in ƙara RAM. Shin hakan zai yi magani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin gigabait 8 sun wadatar wajen kallon bidiyo, kuma alamun da ka zayyana suna nuna wani wuri dabam.

Kowane bidiyo a matse yake zuwa, sai kwamfuta ta warware shi kafin ya fito a allo. Hoto guda na bidiyo mai 1080p yana da ɗigo fiye da miliyan biyu, na 4K kuwa ya ninka haka sau huɗu, kuma ana buƙatar irin wannan hoto talatin ko sittin a kowace daƙiƙa. Idan aka ɗora wa furosesa wannan aiki ita kaɗai, sai ta ɗauki zafi, ta kasa cim ma murya, ta fara zubar da wasu hotunan a hanya, wanda shi ne cijewar da kake gani. Saboda haka ne masu ƙera kwamfuta suka ware wani sashe a cikin na'urar sarrafa hoto wanda ba shi da aiki sai matse bidiyo da warware shi, kamar Quick Sync da kamfanin Intel ya fito da shi a shekarar 2011.

Sai dai wannan sashe bai iya komai ba sai salon matsewar da aka gina shi a kansa tun daga masana'anta, kuma babu manhajar da za ta koya masa sabo. Kwamfutarka ta zamanin 2013 ce, ta ƙware a salon H.264, shi ya sa tsofaffin bidiyoyinka ba sa ba ta wahala. Wayoyin iPhone kuwa tun 2017 suka koma ɗaukar bidiyo da salon HEVC, wanda furosesar Intel ba ta samu cikakken sashen warware shi ba sai a zubi na shida.

Kada ka tsaya a kan zatona. Ka buɗe bidiyon a manhajar kunna bidiyo ta VLC, ka danna Ctrl da J tare, za ka ga sunan salon a rubuce. Sannan, bidiyon yana tafiya, ka danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba ma'aunin aikin kwamfuta. Idan furosesa ta kai kashi casa'in ko ɗari, ma'aunin warware bidiyo na sashen hoto kuma yana kwance a sifili, to an gano bakin zaren. Ka kuma leƙa sunan direban hoto, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da na'urar sarrafa hoto, domin sau da yawa masu sake ɗora Windows a kasuwa sukan bar kwamfuta da direban wucin gadi na Microsoft, wanda da shi ko H.264 ɗin ma furosesa ce za ta yi ta fama da shi. Gyaran wannan kyauta ne, sauke direban Intel kawai za ka yi.

Idan ta tabbata HEVC ne, ka sauke manhajar HandBrake, wadda ita ma kyauta ce, ka mayar da bidiyon zuwa H.264 mai 1080p. Aikin yana cin lokaci a tsohuwar kwamfuta, don haka ka jona ta da caja, ka ɗora ta a kan tebur maimakon katifa, ka tafi harkokinka. Ka adana na asalin, kada ka goge shi. Ranar da za ka sauya kwamfuta kuma, ka nemi zubi na bakwai zuwa sama, domin daga nan ne ake samun warware HEVC mai zurfin launi da kuma salon VP9 da YouTube yake yawan amfani da shi.