Amsa ga 'yar uwar da Mamarta ta koma sambatu a gadon asibiti

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce tun da aka yi mata aikin karayar ƙugu ta koma shiru, ba ta son abinci, da dare kuma sai ta hau sambatu tana kiran waɗanda suka rasu, tana neman tuge robar ƙarin ruwa. Da kika kai ƙorafi, nas ta daka miki tsawa ta ce tsufa ne. Na daɗe ina aikin nas a ɗakin mata, kuma na ga irin wannan da yawa.

Kada ki yarda cewa tsufa ne kawai. Mantuwar tsufa a hankali take shiga, cikin watanni ko shekaru. Wadda take lafiya lau a tunaninta, sai cikin kwana biyu ko uku ta rikice, da safe ta gane ki, da magariba ta ɗauke ki baƙuwa, wannan ruɗewa ce da ciwon jiki ke jawowa. Kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffin da ke kwance a asibiti tana samun su, kuma ta fi yawa bayan aikin ƙugu. Abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne: ƙwayoyin cuta a mafitsara, musamman idan an sa robar fitsari, ciwon huhu, ƙarancin ruwa ko gishiri a jini, saukar suga, rashin yin bayan gida, zafin da ba a magance ba, da magunguna irin su diazepam da tramadol. Yawancinsu ana gano su da gwajin jini da na fitsari, kuma idan aka magance tushen, hankali yakan dawo. Abin da ya fi damuna shi ne mai shirun, domin mai ihu kowa na ganinta, amma wadda ta kwanta lamo sai a ce ta samu barci.

Gobe idan likitoci sun zo zagayen safe, ki kasance a wurin. Ki faɗa musu ranar da abin ya fara, ki nanata cewa kafin a kwantar da ita Mama tana lissafin kuɗinta da kanta, tana gane jikokinta. Wannan bayanin ba ya cikin fayil, ke kaɗai ke da shi. Addu'a da ruƙiya ku ci gaba da yi, amma kada su hana gwaji.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin allura, kuma naki ne. Ki sa mata tabarau idan tana amfani da shi. Ki riƙa gaya mata yau wace rana ce, ina take, wace salla aka kira. A buɗe labule da rana, a rage surutu da haske da dare. Ki ba ta carbinta, ki kawo kunun da ta saba in likita ya yarda, ki riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ta ce ta ga marigayi babanku, kada ki yi gardama, ki riƙe hannunta ki ce kina nan. 'Yan dubiya su shigo bibbiyu, kuma a daina zancen kuɗin magani a kan gadonta. Tana ji, kuma abin da ke sa tsohuwa ta ɗauki kanta kaya ke nan. Don Allah kada a ɗaure ta.

Sai maganar nas. Tsawar da ta yi miki ba daidai ba ce, ba zan kare ta ba. Amma na san aikin dare: mace ɗaya ko biyu da gadaje fal, ga wanda ya cika a hannunta ɗazu, kuma ba wanda zai tambaye ta yadda take ji kafin ta wuce gado na gaba. A 2024 hukumar da ke rajistar nas-nas da ungozoma ta ƙasa ta ce nas-nas 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, nauyinsu kuma ya dawo kan waɗanda suka rage. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar da aiki ke tarawa matsala ce ta gaske, kuma cikin alamominta har da mutum ya bushe wa aikinsa. Na ga nas-nas masu tausayi sun koma haka, raina ya ɓaci ƙwarai.

Don haka ki nemi lokacin da ba ta rabon magani ba, ba kuma lokacin miƙa aiki ba. Ki ce, "Sista sannu da aiki, Mama ta canza tun ranar Talata, a taimaka a rubuta wa likita." In ba a saurare ki ba, ki je wurin shugabar ɗakin.

Idan ruɗewar ta wuce amma ƙuncin da ƙin abinci suka kai mako biyu, ko ta fara cewa gara ta mutu, ki roƙi a kira likitan ƙwaƙwalwa ya duba ta a gadonta. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na tarayya a Maiduguri. Ke ma ki samu wanda za ku riƙa karɓa-karɓa, ki je gida ki yi barci. Ki dawo ki gaya mana abin da gwajin ya nuna.