Jif mai lantarki a Legas: ta ina zan fara dubawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kasuwanci a Agege, tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur yake cinye mini riba. Ina son sayen jif mai lantarki, amma duk Sallah nakan tafi Kano da iyali. Me zan duba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kafin motar, duba wutar gidanka. Batir mai 60 kWh (ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa), kamar na jif ɗin BYD Atto 3, yana ɗaukar kusan awa tara a cajar gida mai ƙarfin 7 kW. In unguwarku tana Band A, inda aka yi alkawarin wutar awa 20 a rana, ka huta. In da janareto za ka riƙa caji, ribar ta gudu.

Sai bakin caji. Motocin da aka ƙera don kasuwar China suna da irin bakin da ake kira GB/T, na Turai kuma CCS2, kuma ba sa shiga juna sai da adafta. Tambayi dillalin wanne ne kafin ka biya ko sisi. Batun batir kuwa, ni dai LFP, wani nau'in batirin lithium, na fi so, domin ya fi jure zafi.

Gosulo kam ba ya cin batir sosai, AC ne kawai ke ja. Amma da damina kada ka kutsa ambaliyar Lekki don kawai motar tana da tsayi.

Tafiyar Kano ta kai kilomita 1,000, Atto 3 kuwa kusan 420 take yi a takarda, a titi ƙasa da haka. Kada ka sayar da tsohuwar motarka tukuna, Alhaji.