Jar fitilar nan ba ado ba ce

Wani mai sana'ar ɗaukar bidiyo ya rubuto: "Ina da akwatin ajiya mai faifai huɗu, tsarin RAID 5, ƙanen matata ne ya haɗa min. Wata uku ke nan fitilar faifai ɗaya ta koma ja, ya ce kar in damu, RAID na gyara kansa. So nake in ƙaro akwati biyu in fara ajiye wa mutane bayanai suna biyana."

Malam, ajiye maganar ƙarin akwati tukuna. Kai da ba ka riƙe naka ba, na mutane za ka karɓa?

RAID 5, wato tsarin haɗa faifai da yawa su raba bayanai a tsakaninsu, mutuwar faifai ɗaya kacal yake jurewa, kuma ɗayan ya riga ya mutu. Ba ya gyara kansa sai in akwai faifan ko-ta-kwana a ciki, kai kuma ba ka da shi. Yau in na biyu ya tsaya, komai ya tafi, har abin da ke kan biyun da suka rage.

Amma ni ba faifan ne ya dame ni ba. Ka damƙa wa ƙanen matarka jarinka kacokan, ba takarda ko ɗaya. Ka san kalmar sirrin akwatin? Saƙon gargaɗi wayar wa yake shiga? Wane faifai ne a wane rami, yaushe aka saye shi? Da baƙo ne ya haɗa maka, da tuni ka titsiye shi. Shi kuwa kunya ta hana ka tambaya.

Na ga irin wannan da idona. Mai shago ya sayo sabon faifai, yaronsa ya buɗe akwati, ba lamba a jikin ko ɗaya, ya zare lafiyayye ya bar mataccen, sannan ya danna a sake haɗawa. Aikin shekara shida ya tafi. Mutumin ya zauna a ƙasa riƙe da faifan yana ta juya shi.

Saboda haka kafin a taɓa komai, a kwafe bayananka kaf zuwa wani faifai daban. In an sa sabon faifai, sake ginin RAID sai ya karance kowane lungu na sauran ukun. Faifai mai terabayit 8 kan ci kamar awa 15, in ana aiki da shi ya wuce kwana. Su kuma sa'annin juna ne, tare suka tsufa, a irin wannan wahalar na biyu yakan faɗi.

In an wuce nan, ka koma RAID 6 mai jure mutuwar biyu. Idan faifan naka masu 8 ne, wuri zai ragu daga terabayit 24 zuwa 16. Ka haƙura. Ko shi ma ba ya dawo da abin da aka goge bisa kuskure, don haka kwafi ɗaya ya kwana a wajen shago.

Ƙanen matarka kuwa, ka kira shi gobe da littafi da biro. Ya rubuta komai a gabanka, ka yanka masa lada, ya riƙa dubawa duk wata yana sa hannu. In ya ji haushi, ka nemi wani.