Kwikwiyona ya koma yin fitsari a bayan kujera

Tambaya: Bayan gaisuwa da fatan alheri. Makonni uku ke nan da na karɓi wani ɗan kwikwiyo mai wata uku da haihuwa, kuma tun ranar da ya shigo gidan nake fama da shi, domin duk inda fitsari ko kashi ya matse shi, a nan yake tsugunawa. Idan na dawo daga aiki na tarar ya ɓata ɗaki, nakan jawo shi wurin, in cusa masa hanci a ciki, in ɗan make shi. Yanzu ya daina yi a gabana, ya koma laɓewa bayan kujera, kuma ko na fita da shi waje sai ya ƙi yi har sai mun dawo ciki. Shin taurin kai ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, na gode da wasiƙarka. Kwikwiyonka tsoro yake ji, kuma dukan nan ne ya koya masa laɓewa. Kare yana danganta lada ko hukunci da abin da yake aikatawa a daidai wannan lokaci, saboda haka idan ka dawo da yamma ka hukunta shi a kan fitsarin da ya yi tun da hantsi, ba shi da hanyar haɗa abubuwan biyu. Abin da ya fahimta kawai shi ne, duk sa'ad da kai da fitsari kuka haɗu a wuri ɗaya, wahala ce za ta biyo baya. Shi ya sa ba ya yarda ya tsuguna kana kallo, ko a ɗaki ko a waje. Sunkuyar da kai da maƙale wutsiya da yake yi idan ka shigo, wanda mutane da yawa suke ɗauka amsa laifi ne, roƙo ne na a ƙyale shi. Ina roƙonka ka bar dukan da cusa hancin daga yau.

Sai kuma maganar jikinsa. Mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce, kuma bai gama iya riƙe ta ba. Ƙiyasin da masu horar da karnuka suka saba bi shi ne kimanin awa ɗaya ga kowane wata na haihuwa, wato naka mai wata 3 ba zai wuce awa 3 zuwa 4 da rana ba. Wanda aka rufe a ɗaki tun safe har yamma dole ya ɓata wurin, komai wayonsa.

Ka zaɓi kusurwa ɗaya a waje, ka riƙa kai shi can da igiya a wuya: da zarar ya farka daga barci, da bayan ya ci abinci da 'yan mintoci, da bayan wasa, da kuma kafin ku kwanta. Ka tsayar masa da lokutan cin abinci, sau uku a rana a wannan ƙuruciyar, domin cikin da yake karɓa a kan lokaci yana fitarwa a kan lokaci. Idan kun isa wurin, ka tsaya shiru kamar minti biyar. In ya yi, ka yaba masa da murya mai taushi, ka ba shi ɗan abin daɗi nan take, a wurin, cikin 'yan daƙiƙoƙi, domin idan ka bari sai kun koma ciki zai ɗauka ladan shiga ɗaki ka ba shi. In bai yi ba, ka koma da shi, amma kada idonka ya bar kansa, sannan ka sake gwadawa bayan minti goma sha biyar.

A cikin gida ka koyi karanta shi. Za ka ga ya bar abin wasansa ba zato, ya kafa hanci a ƙasa yana shinshinawa, ya fara kewaya wuri ɗaya. To, ya matsu, ka ɗauke shi ka fita. Idan ma ya riga ya fara, ka kira sunansa a hankali ka kai shi waje ya ƙarasa, ba tare da tsawa ba.

Bayan kujerar nan yana buƙatar wanki na sosai, domin hancin kare yana jin ragowar warin da kai ba ka ji, kuma warin ne yake kiransa ya maimaita. Ka nemi maganin wanki mai sinadarin enzayim wanda aka yi don fitsarin dabbobi, ka guji mai amoniya, saboda warinsa ya yi kama da na fitsari. Sannan ka toshe wurin na 'yan makonni.

Da dare keji yana taimakawa, tun da kare ba ya son ɓata makwancinsa, muddin girman kejin ya isa ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. Amma ba na goyon bayan a kulle shi ciki tsawon wunin aiki. Ka samu wanda zai fitar da shi da tsakar rana, ko kuma ka killace masa wuri mai sauƙin gogewa, makwanci da ruwan sha a gefe ɗaya, tsofaffin jaridu a ɗaya gefen.

Ka kula da abu biyu na lafiya. Kafin ya kammala alluran riga-kafi, wanda yawanci yakan kai mako 16, kada ka kai shi inda baƙin karnuka suke kashi, domin ta nan ake ɗaukar cutar farbo mai sa amai da gudawar jini. Haka kuma idan ka ga yana yawan tsugunawa yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ko yana yunƙuri, ko akwai jini a fitsarin, ka kai shi wurin likitan dabbobi, don mai yiwuwa ciwon mafitsara ne.

Yawancin 'yan kwikwiyo sukan kama hanya tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu kuma har su kusa shekara. Naka zai ɗan yi jinkiri a farko saboda tsoron da ya shiga ransa, don haka a kwanakin nan ka sassauta igiyar, ka juya masa gefe kamar ba shi kake jira ba, har ya saki jiki ya tsuguna kana tsaye a wurin.