Kwalaben Jamus: amsa ga ɗan yayata

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce hankalin mahaifiyarka ya tashi tunda aka gaya mata a Jamus giya kamar ruwa take, kana so in nuna maka yadda za ka gane mai barasa a kanti. Albarkacinta ka ci na zauna rubutu, don har yau ba ka tambaye ni kuɗin haya ba, alhali shi zai fara kai ka ƙasa.

Giyar da ta amsa sunanta ba ta ɓuya. A jikin kwalba akwai lamba tare da "% vol", wato kason barasa cikin ɗari. Su waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, saboda haka 4,9 na nufin dab da kashi 5. Giyar Pils da aka fi sha wajen haka take, giyar Bock ta haura 6, ta bikin Oktoberfest a Munich wajen 6 ce, a kofin lita guda. Waɗannan ko makaho ya shinshina zai sani.

Inda baƙo ke faɗawa daban ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ba ta tilasta a rubuta kason ba sai ya wuce 1,2. Kwalba na iya zuwa ba lamba, kuma ba wai babu komai a ciki ba. Sannan ga wadda ake rubuta wa "alkoholfrei", ma'ana marar barasa. A Jamus an yarda a kira ta haka ko da akwai har kashi 0,5. Giya ce aka haɗa sosai, daga baya aka cire barasar, ko aka tsayar da ita kafin ta gama tsima, shi ya sa ake samun ragowa. Idan ba ka son ko ɗigo, nemi wadda aka buga wa 0,0%. A Ingila ma'aunin nasu daban ne, kada abokinka na can ya ruɗe ka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Radler. Gwangwani ne da hoton lemun tsami, an jera shi cikin firji kusa da lemo. Rabi giya rabi lemo, wajen kashi 2,5. A walimar wurin aiki wani abokin aikina ya miƙo mini, ya ce ai wannan ba giya ba ce, kuma wallahi har zuciyarsa haka ya ɗauka. Da na juya gwangwanin na nuna masa lambar, sai ya yi dariya, wai wannan ai ba ya bugarwa. Shekaru muna aiki tare, ya san ina azumi, amma sai da na koma ina bayani kamar mai laifi. Haka Schorle: Apfelschorle ruwan tuffa ne da soda, Weinschorle kuwa giyar inabi ce aka sirka.

Za ka yi kewar Maltina, na sani. Akwai danginta, Malzbier ko Malztrunk, masu zaƙi, yara ma na sha. Duk da haka juya kwalbar ka karanta, kowane kamfani da nasa.

Hukuncin 0,5 kuwa ba ni zan ba ka ba. Malamai sun saɓa, ka tambayi naka tun kana gida. Ni dai ko mai 0,0% ba na riƙewa a bainar jama'a, domin kwalbar iri ɗaya ce da ta giya sak. Wani ɗan'uwanmu ya hango ka a tashar jirgin ƙasa, kafin magariba labari ya kai gida, kuma ba wanda zai tsaya jin zancen lamba.

Ka gaishe da Yaya, ka ce ta kwantar da hankali, ba wanda zai ɗura maka. Ka turo mini takardar shiga jami'ar in ga garin da aka ba ka, sai mu yi maganar ɗaki.