Wuƙar da ke cikin burgamin kakanka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka zazzage burgamin kakanka ka tarar da 'yar wuƙa da ta yi maka kama da ta yanka albasa, kana tambaya ko ba abin kunya ba ne ɗan bindiga ya rataya wuƙar madafa, don kai ma ka sayo wata a gwanjo.

Idonka bai yaudare ka ba, ta kakarka ce. Shekara da shekaru tana yanka kuɓewa da ita, har wasawa ta cinye cikinta ta koma kamar lauje. Ranar da za a jefar da ita tsoho ya ɗauke, ya kai wa maƙeri. Ina tsaye ina riƙe masa zugazugi aka datse tsinin, aka bar abin da bai wuce tsawon yatsa ba, aka yi mata mariƙi da icen ƙirya. Baduku ya ɗinka kube da jar fata, shi ke nan ta shiga daji.

Ba wanda ya taɓa yi masa dariya. Mai harba-ka-ruga ba ya rabuwa da ƙaramar wuƙa: da ita yake yanka tsumman da zai danna a kan albarushi, da ita yake gyara igiya. Babban aikinta kuwa yanka ne. Ka yi bisimilla ka harba, in ka iske dabbar da sauran rai wajibi ne ka yanka ta, kuma ba a yanka da dakusasshiyar wuƙa. A nan mutuncin maharbi yake, ba a adon kube ba. Ado na 'yan bindigar sarki ne ranar Hawan Daushe, su da ke zuba albarushi zalla don ƙara da hayaƙi.

To, taka ta gwanjo. In irin mai ƙyallin nan ce da ba ta tsatsa, mayar wa matarka. Ka nemi ta baƙin ƙarfe, wadda in ta yanka lemon tsami take yin dishi-dishi. Ita ce ke karɓar kaifi a kan dutse cikin sauƙi, kuma in ka ƙyasta bayanta da dutsen ƙanƙara za ta ba ka wuta. Saboda wannan ɗin ne ma nake jan kunnenka: kada ka kuskura ka zungure albarushi da ita, ko ka kankare bakin bindiga alhali a ɗure take.

Yaran yanzu kuna son inji. In ka kai ta injin wasa wuƙa, ka tsaya a kansa, a riƙa tsoma ta a ruwa. Da zarar bakinta ya yi shuɗi ta mutu, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba. Ni na taɓa asarar wata haka a kasuwa, na juya ina gaisawa da mutum, kafin in waiwayo an ƙone ta.

Bayan kowace fita ka wanke ta, ka tsane, ka shafa mata man kaɗe, don toƙar albarushi tana jawo laima. Kada ta kwana cikin kube da damina.

Ta kakanka kuwa ka bar ta a burgaminta. Kuma kafin ka taɓa bindigarsa, ka je ka yi maganar lasisi, sannan ka kawo mini ita in duba bututun. Ka gaida mutanen gida.

Baffanka