Ko Jiki Zai Iya Kashe Ƙari da Kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata ce ke da ƙullutu mai tauri a mama, kuma yana ƙara girma. Na karanta cewa jiki yana da hanyoyin da yake hana ƙari girma, wani mai magani a nan Daura kuma ya ce mu dage da jiƙo, kada mu bari allura ko wuƙa ta taɓa wurin, domin daji ba ya son ƙarfe. Hankalina a tashe yake. Mu jira jikin ya yi aikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku jira.

Abin da kika karanta gaskiya ne. A cikin ƙwayoyin halittarmu akwai furotin mai suna p53, wanda aka gano a 1979. Idan saƙon gadon da ke cikin ƙwayar ya samu lahani, shi ne yake taka mata birki, ya hana ta rabuwa gida biyu don hayayyafa har sai an gyara, idan kuma gyaran ya gagara sai ya sa ta kashe kanta. Garkuwar jiki ma tana farautar ƙwayoyin da suka rikiɗa. Sannan kamar yadda wani likita ɗan Amurka mai suna Judah Folkman ya bayyana a 1971, ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samu hanyar janyo sababbin jijiyoyin jini, jiki kuwa yana da sinadaran da ke hana hakan.

Sai dai duk wannan kariya aikinta kafin cuta ta kafu ne. A kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam, ana tarar da p53 ya lalace. Ƙullutun da yatsa ya iya ji, idan daji ne, yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin da suka riga suka tsallake waɗannan shingaye, kuma babu jiƙon da aka tabbatar yana gyara su.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe kuwa, babu camfin da ya fi ta ci mini rai, domin kullum sai na ga ɓarnarta. Na san inda ta samo asali: mace za ta shekara tana ɓoye ƙullutu, ana shafa mata ƙulli ana yi mata hayaƙi, sai wurin ya fashe yana wari, hammata ta cika da kaluluwa, sannan a ɗauko ta zuwa asibiti. Idan ta rasu bayan aiki, sai a ce wuƙa ce ta tayar da ciwon, alhali ciwon ya daɗe da bin jini zuwa huhu, hanta ko ƙashi. Labarin nan ne zai zagaya gidan suna da gidan biki, ya hana wata mai ƙaramin ƙullutu zuwa asibiti, ita ma ta bi sahu. Abin takaici, wasu daga cikin masu hana allurar likita su ne suke yi wa maman sakiya ko tsaga, su bar shi da gyambon da ba ya warkewa, bayan sun karɓe kuɗin da za a yi gwaji da su. Wanda ya hana marar lafiya magani don ya sayar da nasa, ya sani amanar rai ya ci, kuma Allah zai tambaye shi.

Gwajin 'yar tsokar da ake ɗiba daga ƙullutun, galibi da allura, shi kaɗai ne zai tabbatar ko daji ne. Yawancin ƙullutun mama ma ba daji ba ne, amma mai tauri da ke girma a jikin dattijuwa ba a yi masa sakaci. Idan dajin ne, gwajin zai nuna nau'insa, domin akwai wanda ke girma da sinadarin mata na estirojin, ana kuma tare shi da ƙwaya irin su tamoxifen bayan aiki.

Ku kai Hajiya babban asibitin Daura cikin makon nan a duba ta, a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina don hoto da gwajin tsoka. Ku tafi da sunayen duk abin da take sha, ku kuma dakatar da shafe-shafen da ake yi a wurin.